Rufe bayanan gajimare da dare: a ina ya kamata a sa agogon?

Ƙarfe 8 da minti 10 na safiyar wata Litinin wayata ta fara ruri. Mai karɓar mutane ce a wani ɗakin gwajin jini da nake kula musu da kwamfutoci a Kano. Ta ce, "Malam, benci ya cika, fayil kuma ya ƙi buɗewa." Yawancin waɗanda ke zaune masu gwajin suga ne, ba su karya ba tun daren jiya, har da wata dattijuwa da jikanta ya kawo a Keke Napep tun da sassafe. Ranar Asabar ɗin da ta gabata ne na sa ƙa'idar cewa ba mai taɓa bayanan marasa lafiya, waɗanda ke ajiye a gajimare (wato sabobin wani kamfani da ake isa gare su ta intanet), sai daga 8 na safe zuwa 6 na yamma. Lambobin daidai na rubuta su, abin da na bari shi ne sunan yankin agogo. Sai sabar ta ƙirga da agogon UTC, wanda muke gabansa da awa guda, takwas ɗinta ta zama tara a wurinmu. Kafin in isa gaban kwamfuta in gyara, mutanen nan sun shafe fiye da rabin awa da yunwa saboda layi guda da na rubuta.

Mai wurin da kansa ya nemi wannan kulle. Cewa ya yi, "Yadda muke jan ƙofar shago mu sa kwaɗo da magariba, haka nake so a yi wa bayanan nan." Kuma yana da hujja. Masu kutse sun san lokacin da ido ke barci. Satar da aka yi wa babban bankin Bangaladash a Fabrairun 2016 ta fara ne daren Alhamis, saboda Juma'a ranar hutu ce a can, Asabar da Lahadi hutu ne a New York, Litinin kuma hutun sabuwar shekarar Sinawa ne a Manila inda dala miliyan 81 suka sauka. Harin da aka kai ta manhajar Kaseya ya faɗo ranar Juma'a 2 ga Yulin 2021, daidai lokacin da Amurkawa ke shirin dogon hutun ranar 'yancinsu. Ba wanda zai ce tunanin rufe ƙofa da dare shirme ne.

Abin da na koya tun daga ranar shi ne, "a rufe da dare" suna ne guda da ke rufe da abubuwa mabambanta. Tambayar da ke raba su ita ce: yaushe ake duba agogon? A bakin ƙofa sau ɗaya lokacin da mutum ke shiga, ko kuwa duk sanda ya miƙa hannu zai ɗauki wani abu? Wanda ya riƙe wannan tambaya zai gane sauran bayanin cikin sauƙi.

Google Cloud: agogon yana cikin izinin kansa

A cikin manyan kamfanonin gajimare uku, wato Google da AWS na Amazon da Microsoft, Google ne ya fi yin abin kai tsaye. Lokacin da kake bai wa ma'aikaci izini, kana iya liƙa masa sharaɗi da wani ɗan yare da suke kira CEL. Na ɗakin gwajin, bayan gyara, ga yadda yake:

`request.time.getHours("Africa/Lagos") >= 8 && request.time.getHours("Africa/Lagos") < 18`

Ana auna wannan sharaɗi a kan kowace buƙata. Ko mutum ya shiga tun da hantsi bai fita ba, da zarar 6 ta buga, fayil na gaba da ya nema za a hana shi. Babu wani shiri da ke gudana da yamma wanda zai iya lalacewa, babu abin da za ka riƙa tunawa kullum. Akwai kuma `getDayOfWeek` na ranakun mako, inda Lahadi take 0, Asabar take 6. Masu aikin dare sai a juya lissafin: daga awa 20 zuwa sama, ko ƙasa da awa 6, da "ko" a tsakani maimakon "da". Wanda ya sa "da" a nan ya rufe kowa har abada, domin babu awar da ta wuce 20 kuma ta gaza 6 a lokaci guda.

Sai dai tsarin yana da ramuka, kuma duk na ɓoye ne. Na farko, sharaɗi ba ya kore izinin da ba shi da sharaɗi. Idan Hajiya akanta tana cikin wani rukuni da aka ba damar karanta komai a matakin sama shekara biyu da suka wuce, sabon sharaɗinka ado ne kawai, za ta shiga ta tsohuwar ƙofar ba tare da ta ma san akwai sabuwa ba. Na biyu, manyan matsayin nan uku na asali, Owner da Editor da Viewer, ba sa karɓar sharaɗi, kuma su ne ƙananan kamfanoni suka fi rabawa saboda sauƙi. Dole ka sauke mutane daga kansu zuwa ƙananan matsayi kafin agogon ya yi aiki, wannan kuwa shi ne ainihin wahalar, ya fi rubuta sharaɗin cin lokaci nesa ba kusa ba. Na uku, a Cloud Storage, ma'ajiyar fayiloli ta Google, sai ka kunna tsarin izini na bai-ɗaya a kan bokitin (wato rumbun da fayilolin ke ciki), wanda idan ya yi kwana 90 a kunne ba ya sake kashuwa.

Wani abin da ke rikita mutane: Google Drive daban, Google Cloud daban. Wancan sharaɗi ba ya taɓa Drive ko Gmail. Su ana tsare su ne da Context-Aware Access na Workspace, wanda ke cikin manyan matakan biya. Makarantar da ke ajiye sakamakon ɗalibai a Drive na asusun Gmail na kyauta ba ta da wannan zaɓi ko kaɗan.

AWS: kwanan wata ya sani, bai san "kullum" ba

A AWS akwai `aws:CurrentTime`, kuma mutane da yawa da sun gan shi sai su ɗauka an gama. Amma cikakken lokaci yake karɓa, shekara da wata da rana da awa, a agogon UTC. Za ka iya cewa ɗan kwangila ya shiga daga 1 ga wata zuwa 30 ga wata, kuma a wannan aikin ba shi da aibu. Abin da ba za ka iya faɗa masa ba shi ne "kowace rana daga 8 zuwa 6".

Don haka sai a ɗauki mai gadi: EventBridge Scheduler ya tayar da wani ƙaramin shiri a Lambda da safe ya maƙala izini, da yamma ya cire. Scheduler ɗin, wanda ya fito a Nuwamban 2022, ya san yankunan agogo, saɓanin tsofaffin ƙa'idojin EventBridge da UTC kaɗai suke ji. Canjin yana kama har waɗanda suka riga suka shiga, domin AWS ma a kan kowace buƙata yake duba izini.

A nan nake son mai karatu ya ɗan tsaya, saboda yadda aka saba gina wannan abu bai kwanta mini ba. Idan shirin safe ya gaza, cikin minti 5 za ka sani, waya ba za ta bar ka ba. Idan na yamma ya gaza fa? Ba mai kiranka ya ce ƙofa a buɗe take. Tana iya kwana a buɗe, ta yi mako a buɗe, kai kuma kana barci da yaƙinin ka kulle. Mai gadin da ya manta bai buɗe ba ana ganinsa, wanda ya manta bai rufe ba sai ɓarawo ne ke ganinsa.

Hanyar da na fi yarda da ita ita ce a yi shiri guda kawai, na safe. Kowace safiya ya sake rubuta izinin da wa'adin ranar a jikinsa: `DateLessThan` ƙarfe 17:00 na UTC na yau, wato 6 na yamma a Kano. Da lokacin ya yi izinin ya mutu da kansa, ba sai wani ya zo ya kashe shi ba. Idan shirin ya lalace, ƙofa a rufe take wayar gari, kuma wannan gazawa ce mai ƙara wadda za a gyara nan take. Ka tuna dai AWS ba ya ajiye fiye da siga 5 na kowace ƙa'idar da ka ƙirƙira, don haka shirin ya riƙa goge mafi tsufa kafin ya rubuta sabuwa, in ba haka ba kafin mako ya zagayo zai tsaya cak.

Akwai abin da AWS ya fi Google a nan. Hani na ƙarara, wato Deny, yana danne kowane izini ko daga ina ya fito. Matsalar tsohuwar ƙofar Hajiya akanta ba ta tasowa idan da hani ka gina kullen. Amma wuƙar nan kaifi biyu gare ta. Hani a kan bokiti da bai ware kowa ba zai tare shirin da ke ɗaukar kwafin ajiya da ƙarfe 2 na dare, ya tare kai kanka ranar da gobara ta tashi.

Microsoft: tsohon kwaɗo a sabuwar ƙofa

Duk wanda ya taɓa riƙe Active Directory, tsarin Microsoft mai kula da asusun ma'aikata, a ofis ya san allon nan na Logon Hours, mai gidaje 168, gida ɗaya ga kowace awa ta mako. Yana aiki tun kafin a fara maganar gajimare. Tambayar ita ce ko yana bin mutum har cikin Microsoft 365, amsar kuma ta dogara da yadda aka haɗa ofis da Entra ID, mai tantance masu shiga a gajimaren Microsoft, wanda ake kira Azure AD har zuwa 2023. Idan sabar ofis ce ke tantance kalmar sirri duk sanda aka zo shiga, awannin suna aiki. Idan kuwa an kwafe sawun kalmomin sirrin zuwa gajimare ana tantancewa a can, hanyar da ƙananan ofisoshi suka fi bi saboda ba ta damu da ɗaukewar wuta a ofis ba, to allon ba ya hana kowa buɗe OneDrive da tsakar dare.

Ko a inda yake aiki, a bakin ƙofa kawai yake tsayawa. Wanda ya shiga 6 saura minti 10 ya karɓi tikitin da ke yin awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi, tare da wani tikitin sabuntawa da ke iya ɗaukarsa makonni ba a sake tambayarsa kalmar sirri ba. Outlook ɗin wayarsa haka yake rayuwa. Sai ka tilasta sake shiga bayan 'yan awanni ta Conditional Access kafin kullen ya zama na gaske, hakan kuma yana buƙatar lasisin P1 da haƙurin ma'aikata. A ɓangaren ma'ajiyar Azure akwai `UtcNow`, amma shi ma kamar na AWS ne, cikakken kwanan wata yake so.

Akwai hanyar talaka da bai kamata a raina ba. Ka sa bokitin ya ƙi kowa sai wanda ya fito daga adireshin intanet na ofis, sannan ka sa na'urar MikroTik ko FortiGate ta ofis ta rufe hanyar da VPN da yamma. Waɗannan na'urori sun daɗe da sanin jadawalin awanni. Sharaɗinta shi ne adireshi tsayayye daga kamfanin intanet, kuma ranar da layin ya yanke kowa ya koma kan datar wayarsa, aiki ya tsaya gaba ɗaya.

Abin da agogo ba ya gani

Yawancin ma'aikata ba sa taɓa ma'ajiyar da hannunsu. Manhaja suke buɗewa, ita kuma ta je ta ɗauko da asusunta na inji, wanda ba ya barci. Idan haka tsarinka yake, duk sharaɗin da ka liƙa wa sunayen mutane a gajimare bai shafi komai ba, a ƙofar manhajar ya kamata agogon ya zauna. Salesforce, alal misali, yana da awannin shiga na kowane rukunin ma'aikata a cikinsa. Haka mahaɗan nan masu sa hannu da ake tura wa abokin ciniki ya sauke fayil: a S3 na AWS da Cloud Storage suna iya rayuwa har kwana 7, kuma da ikon wanda ya sa musu hannu suke tafiya, ba da ikon wanda ya danna ba. Sai kwafin da OneDrive ko Drive suka riga suka sauke cikin laftof. Wannan ya bar gajimare, yana cikin jakar ma'aikaci a bayan babur.

Ga kuma gaskiyar da ba na ɓoye wa kowa: ɓarawon da ke riƙe da kalmar sirri yana iya jira gari ya waye. A 2024 aka kwashe bayanan kamfanoni da ke ajiya a gajimaren Snowflake, kamfanin tsaro na Mandiant ya ce kusan 165 abin zai iya shafa, kuma da kalmomin sirrin da aka sato aka shiga asusun da ba su da tabbaci mai mataki biyu, wato neman wata shaida ta biyu bayan kalmar sirri. Agogo zai rage wa irin waɗannan awannin aiki ne kawai. Wanda bai kunna mataki na biyu ba tukuna, ya ajiye maganar lokaci ya fara da wannan.

Yadda muke aiki a zahiri

Kullen lokaci yana ɗauka cewa rayuwa tana bin jadawali, tamu kuwa ba kullum take bi ba. Ma'aikacin da ke tattara bayanai a ƙauye yakan tura su ne da dare, lokacin da aka kawo wuta ko sabis ya daidaita, ko lokacin garaɓasar datar dare. Da azumi ofisoshi da yawa suna tashi da wuri, wasu su dawo kan aiki bayan tarawih. Ranar Juma'a rabin yini ce a wurare da dama. Sallah kuwa ba ta cikin kowane lissafin ranakun mako: idan ta faɗo Talata, sharaɗinka zai buɗe ƙofa da 8 kamar kullum, ofis babu kowa, kwana biyu ko uku a jere, wato irin ranakun da masu kutse ke nema. A nan tsarin AWS mai shirin safe ya fi sassauci, domin kana iya sa shi ya leƙa jerin ranakun hutu kafin ya buɗe. A Google sai ka tuna ka gyara sharaɗin da hannu bayan an sanar da ganin wata.

Idan kana da mutane a ƙasashe daban-daban, lissafin ya ƙaru. Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi agogonsu ɗaya, Ghana tana bayanmu da awa guda, Sudan tana gabanmu da awa guda, Saudiyya da awa 2. Landan kuwa daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba daidai take da Kano, sauran watannin tana baya da awa guda. Shi ya sa ake rubuta sunan yanki irin su `Africa/Accra` ko `Europe/London` maimakon ƙara lamba da hannu.

Saboda duk waɗannan, akwai wata hanya da na fi karkata gare ta ga manyan masu iko: kada izinin ya zauna a hannun kowa, dare ko rana. Mai buƙata ya nema, ya faɗi dalili, a ba shi na awa 2 ko 4, ya mutu da kansa. A Microsoft wani tsari mai suna PIM ke yin wannan, da lasisin P2, ana iya sa iyakarsa tsakanin awa 1 zuwa 24, a kuma sa sai wani ya amince. Google yana da Privileged Access Manager. A AWS tikitin wucin gadi na STS yana yin daga minti 15 zuwa awa 12. Kullen 8 zuwa 6 a ranakun aiki biyar yana barin ƙofa a buɗe awa 50 a mako ko ana buƙata ko ba a buƙata. Wannan kuwa tana buɗewa ne kawai lokacin da wani ya ƙwanƙwasa, kuma sunansa da dalilinsa suna rubuce.

Mafi arha duka ita ce kada ka rufe, ka sa ƙararrawa. Duk wanda ya buɗe bayanai tsakanin 10 na dare da asuba, saƙo ya shigo wayar mutum biyu. Ba ta hana sata, amma tana gajarta lokacin da za a ɗauka kafin a sani. Sai dai a AWS da Google duka, rajistar karanta fayiloli ba a kunne take zuwa ba, sai ka kunna ta, tana kuma da kuɗinta. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba da awa 72 a sanar da hukumar NDPC bayan an gano kutsen da zai iya cutar da mutane, kuma wanda ba shi da rajista ba zai ma san abin da zai faɗa musu ba. Ƙararrawar da ke kuka sau 30 kowane dare kuwa, cikin mako guda za a daina dubanta.

Da za ka zaunar da ni ka ce in zaɓa maka, zan fara tambayar su wa za a kulle. Masu zama a kanta, masu karɓar kuɗi, masu shigar da bayanai, waɗanda aikinsu ke farawa da buɗe ofis ya ƙare da rufe shi: waɗannan kulle mai tsauri ya dace da su, domin ba su da abin yi da lambar wayar mara lafiya da ƙarfe 11 na dare. Idan a Google Cloud kake, sharaɗin CEL ya wadatar bayan ka share tsofaffin izini. Idan a AWS kake, shirin safe mai wa'adi a jikinsa. Idan Microsoft 365 ne kaɗai abin da kake da shi, ba zan sa ka dogara da Logon Hours ba, gara ka kashe ƙarfinka a kan mataki na biyu, da takaita shiga ga na'urorin ofis, da gajarta zaman shiga. Masu kula da tsarin da shugabanni, izini na nema. Ma'aikatan fili da likitocin da ake kira da dare, ƙararrawa kawai, saboda ranar da ka kulle su za su fara tura wa juna fayiloli ta WhatsApp tun da rana don gudun kullen, bayanan su fita daga inda kake iya ganinsu. Kowace ka ɗauka, ka bar asusu guda na gaggawa da agogon bai shafa ba, mai mabuɗin tsaro na hannu, wanda duk amfani da shi ke tayar da ƙararrawa.

A ɗakin gwajin nan yanzu ƙofar masu kanta tana buɗewa 7 da rabi, saboda masu gwajin suga ba sa jiran 8, tana rufewa 6 da rabi. Mai duba sakamako yana nema idan an kira shi da dare, a ba shi awa 2. Mabuɗin gaggawa yana cikin ambulan a sef ɗin mai wurin. Duk canjin da zan yi wa sharaɗin, ranar Laraba da rana nake yinsa da asusun gwaji, ina tsaye kusa da mai karɓar mutane har ta buɗe fayil a gabana.